Hunturu ya kankama a Jos: ina ake samun cakulan mai zafi na gaske, kuma yaya ake haɗa shi a gida?

Maman Ilham, Rikkos
Assalamu alaikum jama'ar gida. Tambaya gare ni. Sanyi ya sauka sosai, da asuba ruwan randa ba ya taɓuwa, yara kuma ba sa kallon komai sai abu mai zafi. Ina neman inda ake sayar da cakulan mai zafi na gaske a garin nan, mai kauri, mai ƙamshin koko. Na shiga wani sabon shagon shan gahawa, wuri tsaf, an rubuta shi a takardar abinci da kuɗi mai tsoka. Ina kallo yarinyar ta farke 'yar leda ta juye a kofi, ta tsiyaya ruwan zafi, ta ɗora kumfa a sama. Ledar nan ina da irinta a kicin. Wanda ya san inda ake yin na kirki ya taimaka, wanda kuma ya iya haɗawa a gida ya koya mana, don Allah.

Malam Sabo, Gangare
Wa alaikumus salam. Hajiya, abin da kike nema yana bakin layinku. Ki aika yaro teburin mai shayi bayan an idar da sallar asuba, ki ce a haɗa mai kauri. Zai zuba Milo cokali uku a tule, ya huda gwangwanin madara ya tsiyaya, ya kawo ruwan da ya daɗe a wuta yana shan citta da kanumfari, sannan ya ɗaga hannu sama ya riƙa sheƙa shi daga wannan kofi zuwa wancan har kumfa ta taso. Da wannan muka yi sanyin Jos tun babbar kasuwar Terminus tana ci, kafin gobarar 2002. Ban ga abin da sababbin shagunan nan za su nuna wa mai shayi ba.

Maman Ilham, Rikkos
Baba Sabo, wallahi ban raina na mai shayi ba, maigidana ma shi yake sha kullum. Amma ba shi nake nufi ba. Wanda nake faɗa yana da ɗan ɗaci-ɗaci a ƙarshen harshe, kuma yana da nauyi a baki. Rabin kofi ya ishi mutum.

Anti Ladi, Bukuru
Maman Ilham, na gane abin da kike nema sarai, domin sana'ata kek ce, da garin koko nake wuni. Baba Sabo, ka yi haƙuri, abu biyu ne daban. Milo da Bournvita da Ovaltine abin sha ne na tsiron hatsi, aka haɗa masa sukari da madara da koko. Kokon yana ciki, amma ba shi kaɗai ke jan ragama ba. Duk mai son ya tabbatar ya juya bayan gwangwani ya karanta kayan haɗin. A ƙa'ida, abin da ya fi yawa shi ake fara rubutawa, mafi ƙanƙanta ya zo ƙarshe. Ki duba inda koko ya faɗo a jerin, za ki san abin da kike sha.

Shi kuwa cakulan mai zafi, koko ne a gaba, madara ta biyo, sukari ɗan kaɗan. Ga yadda nake yi wa mutum ɗaya. Madara kofi ɗaya, wato kamar mililita 250. Garin koko zalla, wanda babu sukari a ciki, babban cokali ɗaya a tule. Sukari ƙaramin cokali biyu, wanda ba ya son zaƙi ya sa ɗaya. Sai gishiri, abin da yatsu biyu za su tsunkulo.

Inda mutane ke tuntuɓe shi ne farko. Kada ki zuba garin a kan madara. Garin koko yana da maiƙo a jikinsa, ba ya jiƙa da sauri, sai ya taso sama ya yi gudaji, ki yi ta juyawa yana gudun cokali. Ki fara zuba garin da sukari da gishiri a busasshiyar tukunya, ki gauraya su a bushe. Ki ɗiga ruwan zafi babban cokali biyu, ki dama da bayan cokali kina murzawa a jikin tukunya, har ya zama kwaɓi mai sulɓi yana ƙyalli, babu ko ƙwaya. A nan za ki ji ƙamshin ya buɗe. Sai ki ɗora a ƙaramar wuta, ki riƙa zuba madarar kaɗan-kaɗan kina juyawa. Da kin ga ƙananan kumfa sun jeru a gefen tukunya, tururi yana tashi, ki ƙara masa minti biyu a haka ba tare da ya tafasa ba, ki sauke. Minti biyun nan su ne ke kashe garin-garin da ake ji a harshe, domin akwai sitaci a cikin koko, yana son ya ɗan dahu.

Abba, ɗalibi
Anti, na gode. Amma gishiri a cikin abin zaƙi? Ba zai ɓata shi ba?

Anti Ladi, Bukuru
Ba za ka ji shi ba, ƙanena. Aikinsa ya danne ɗacin, ya fito da ɗanɗanon. Ka haɗa kofi biyu, ɗaya da shi ɗaya babu, ka ɗanɗana da kanka.

Malam Sabo, Gangare
To na ji bayani. Amma fa ni har yanzu ina kan bakana. Mai tura baro a Farin Gada da ya fito ƙarfe biyar na asuba, hannunsa ya ƙage, ba shi da tukunya da ƙaramar wuta da minti biyu. Kofin mai shayi da rabin burodi ne ke tayar da shi. Kada son abin Turawa ya sa mu mai da namu ba komai ba.

Dauda, Vom
Baba, babu wanda zai mai da shi ba komai ba. Kuma in an bi diddigi, Milon ma daga waje ya zo, a Ostareliya aka fara yin sa a 1934. Sai dai wanda muke sha a nan, a Agbara ta jihar Ogun ake yin sa, kuma dawar da manomanmu na Arewa ke nomawa tana cikin abin da ake tsirarwa a haɗa shi. Shi kuma kokon da Anti Ladi ke magana, a ƙasar nan ake noma shi. Ka ga duka biyun akwai guminmu a ciki.

Ni gudummawata a kan madara ce, don a nan nake aiki da shanu. Mu mutanen Filato Allah ya yi mana gata. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom tana nan tun 1924, ga rugage kewaye da mu, madarar shanu sabuwar tatsa ba ta yi mana nisa ba. Idan kin samu irinta, Maman Ilham, kin gama rabin aikin, domin garɗin da kike nema a cikin man madarar yake. Sharaɗi ɗaya: ki tace ta, ki tafasa ta sosai tukuna, ki bari ta huce, sannan ki yi aikin da ita. Ɗanyar madara tana iya ɗauko cutar da makiyaya ke kira bakkale, da tarin fuka na shanu. Ɗan ɗumin da Anti ta ce a yi bai isa a dogara da shi ba.

Idan madarar gari za ki yi amfani da ita, ita ma iri biyu ce a kasuwa. Akwai mai cikakken man shanu, akwai wadda aka cire mata manta aka mayar da man tsirrai. Ta biyun ta fi araha, kuma ba laifi ba ce, amma ba ta ba da nauyin nan a baki. An rubuta a jikin leda. Ki dama babban cokali uku a tule a kofi ɗaya na ruwa.

Wani abu kuma da ba a lura da shi. Jos tana kan tudu, kusan mita 1,200 sama da teku, don haka ruwa yana tafasa a wajen digiri 96, ba 100 ba. Ga iskar hunturu. Ka zuba abu a kofin tangaran mai sanyi, kafin ka kai falo ya huce. Ki fara cika kofin da ruwan zafi, ki bar shi har ki gama dahuwa, ki zubar, sannan ki juye cakulan ɗin.

Hajiya Turai, Ali Kazaure
Sannunku da ƙoƙari. Ladi 'yata, kin yi bayani mai kyau, amma kin bar abu ɗaya. Cokali ba ya tayar da kumfa. Ni da maburgi nake yi, ƙarami sabo, wanda bai taɓa shiga miyar kuka ba, na keɓe shi don wannan kawai. Da na sauke tukunya sai in sa shi tsakanin tafukana in burga da sauri, kumfa ta taso mai laushi, kuma yanar madara ba ta kwanciya a sama. Sukari kuma na daina sawa. Dabino uku nake cire wa ƙwallo, in jiƙa a ruwan zafi, in marmasa, in tace a rariya mai laushi. Da ɗan sandan kirfa guda a cikin madarar tun tana ɗumi. Jikokina in sun zo hutu ba sa tambayar komai sai shi.

Abba, ɗalibi
Hajiya Kaka, abin da kika faɗa ya yi daidai da yadda masu abin suke yi. A ƙasar Meziko, inda shan koko ya daɗe tun kafin zuwan Turawan Sifen, har yau suna da sandan katako da suke murzawa tsakanin tafuka don tayar da kumfa, kuma suna sa kirfa. Mutanen da can, Maya da Aztek, sheƙa shi suke yi daga ƙwarya zuwa ƙwarya daga sama, yadda Baba Sabo ya ce mai shayi yana yi. Har barkono suke sawa, ba madara, ba sukari.

Malam Sabo, Gangare
Sheƙawar na yarda da ita. Barkonon kuwa a bar wa masu shi.

Anti Ladi, Bukuru
Baba, ɗan masoro kaɗan yana shiga fa, musamman in mura ta kama mutum. Hajiya, na karɓi gyara a kan maburgi, ya fi abin kaɗa ƙwai na ƙarfe a ƙaramar tukunya.

Nura
Salamu alaikum. Na daɗe ina karantawa, na ga ya kamata in yi magana, domin ina da ƙaramin shagon gahawa a garin nan. Ba zan faɗi suna ba, ba talla na zo yi ba. Hajiya Maman Ilham, ban san inda kika shiga ba, amma na san dalilin ledar.

Farkon da na buɗe, na gaske nake yi, da garin koko zalla da madara. Mutane da yawa sai su kurɓa su kira yaro su ce an manta sukari, ko su ce ya ƙone. Wasu su bar shi a tebur. Harshenmu ya saba da zaƙi, in an ce cakulan, zaƙi ake jira. Sannan ga tsada. A farkon 2023 tan ɗaya na koko a kasuwar duniya yana wajen dala 2,500. A watan Maris na 2024 ya haura dala 10,000, a Disambar shekarar ya taɓa 12,000. Ghana da Kwaddibuwa, waɗanda su biyu ke noma fiye da rabin kokon duniya, amfaninsu ya lalace saboda rikicewar damina da cutar itatuwa. A daidai lokacin kuma naira ta faɗi. Ko da farashin ya sauko daga baya, mu a nan ba mu ga kayan kanti sun bi shi ƙasa ba. Ka haɗa da kuɗin madara, da gas, da man janareta don injin tururi. Mai shago ya duba ya ga leda ba ta lalacewa, kowane yaro zai iya haɗawa, kuma ba a dawo da ita. Sai ya bi sauƙi.

Maman Ilham, Rikkos
Malam Nura, na gode da ka fito ka faɗi gaskiya, kuma na tausaya. Amma ba tsadar ce ta ɓata min rai ba. A ce min leda ce, in ga dama in saya, in ga dama in bari. A sa wa abu sunan da ba nasa ba, a karɓi kuɗin na gaske, wannan ne ban yarda da shi ba. Mai shayi a gabanka yake buɗe gwangwani, ka san abin da ka biya.

Malam Sabo, Gangare
Yauwa Hajiya. Nan kam mun haɗu.

Nura
Ba ni da ja a kan wannan. Hakkin mai saye ne ya sani. Bari in ba ku abin da za ku tambaya kafin ku zauna, ko a Rayfield ne, ko Ahmadu Bello Way, ko manyan otal. Ku ce: da garin koko kuke yi, ko da narkakken cakulan, ko da haɗaɗɗen gari? Sannan: da madara ko da ruwa? Wanda yake yin na gaske zai amsa nan take, har ya ɗauko gwangwanin ya nuna maka, don yana alfahari da shi. Wanda ya fara kame-kame, ka nemi shayi kawai. Wasu kuma ruwan cakulan na roba, irin wanda ake zubawa a kan askirim, shi suke matsawa a madara. Wannan kusan duk sukari ne.

In an kawo, ku duba kala. Na gaske yana da duhu, ba ja-ja mai haske ba. Ku karkata kofin, zai bar shafi a jiki. In kun shanye za ku ga ɗan laka-laka na koko a gindi. Kuma yana ɗaukar lokaci. Abin da ya iso tebur kafin ka gyara zama, ba a ɗora shi a wuta ba.

Zainab, Abuja
Ni 'yar Anguwan Rogo ce, aure ya kawo ni Abuja. A nan Wuse 2 da Maitama akwai wuraren da ke yin irin na Italiya, mai kaurin da sai da cokali. Kofin ƙarami ne sosai, kuɗin kuma ba a magana. Amma gaskiya a zafin Abuja ba ya min daɗi kamar a gida. Anti Ladi, me suke sawa yake yin kaurin nan?

Anti Ladi, Bukuru
Abu biyu ne, Zainab. Na farko sitacin masara, farin garin nan mai laushi da ake kaurara miya da shi. Ƙaramin cokali ɗaya a kofi, ki dama shi da madara mai sanyi tukuna, ki zuba, ki juya har ya yi kauri. Mutanen Italiya da Sifen haka suke yi, ba wani sirri ba ne. Kada ki wuce cokali ɗaya, in ba haka ba kunu za ki sauke.

Na biyu shi ne cakulan na sanda. A nan sai na ɗan yi bayani. Ƙwayar koko kusan rabinta mai ne. A 1828 wani mutumin Holan, Van Houten, ya fito da injin matse man, abin da ya rage a niƙa ya zama gari. Shi ya sa garin da muke saye mansa kaɗan ne, yawanci kashi 10 zuwa 12 cikin ɗari. In kina son ki dawo da man, sai ki yayyanka cakulan mai duhu, kamar giram 25 zuwa 30 a kofi, ki zuba bayan kin sauke tukunya, ki bar shi minti ɗaya, ki burga. Ki nemi wanda aka rubuta kashi 60 ko 70 a jikinsa.

Sai dai a kula. Yawancin abin da ake sayar wa masu kek a shagunan wajen Terminus da sunan cakulan, an cire man kokon an sa man alayyadi ko wani man tsirrai, don ya fi araha kuma ba ya narkewa a rana. A ado na kek yana aiki. A abin sha kuwa zai bar miki wani kitse-kitse a dasashi. Gwajin mai sauƙi ne: ki ɗora ɗan guntu a harshe, kada ki tauna. Man koko yana narkewa a wajen digiri 34, ƙasa da zafin jikin mutum, don haka zai narke ya ɓace. Ɗayan zai tsaya kamar kin sa kyandir a baki.

Abba, ɗalibi
Anti, wata tambaya. A ɗakinmu mun goga ɗanyar citta a cikin madara mai zafi, sai ta tsinke ta yi gudaji. Madarar ce ta lalace?

Anti Ladi, Bukuru
Lafiyarta ƙalau. Ɗanyar citta tana da wani sinadari da ke daskarar da madara in ta yi ɗumi. Ka tafasa cittar a ruwa kaɗan tukuna, tafasa tana kashe ƙarfin sinadarin, sai ka yi kwaɓin kokon da wannan ruwan. Ko ka yi amfani da busasshiya, irin ta Kachia, ka daka. Kuma tunda ɗalibi ne kai, ba sai ka sayi cakulan na sanda ba. Garin koko da madarar gari sun isa. In ka lissafa cokali ɗaya a kofi, ƙaramin gwangwani zai daɗe maka.

Maman Sadik, Nasarawa
Na ga garin koko kala biyu a kanti, ɗaya ja-ja ɗaya baƙi-baƙi. Wanne ne na jabu? Wata kuma ta ce min in sa kanwa yana ƙara duhu.

Anti Ladi, Bukuru
Babu na jabu don kala kawai. Mai hasken shi ne yadda yake a asali, yana da ɗan tsami da bauri. Mai duhun an wanke shi da sinadarin da ke kashe tsami a masana'anta, ya fi laushi a baki kuma ya fi saurin haɗuwa da madara. Wadda ta ce kanwa ta hango dalilin, amma kada ki yi a gida. Su da awo suke yi. Ke in ta ɗan zarce, ɗanɗanon sabulu zai fito, ki yi asarar madara.

Sista Rifkatu, Tudun Wada
Ina jin daɗin muhawarar nan, kuma zan sa baki a matsayin ma'aikaciyar jinya. Abin da ke damuna a lokacin sanyi shi ne yawan sukarin da ke shiga cikin yara ba a lissafa ba. A zuba garin da dama da sukarinsa, a ƙara madara mai zaƙi, a sake jefa ƙwayar sukari uku, safe da dare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa ya kai kashi 10 cikin ɗari na abincin yini. Ga babba wannan kamar giram 50 ne, ƙaramin cokali 12, kuma ta ce in an tsaya a rabin haka ya fi. Yaro nasa bai kai haka ba. Amfanin haɗawa da garin koko zalla shi ne cokalin sukari yana hannunki.

Hajiya Turai, dabino ya fi farin sukari amfani, amma mai ciwon suga ya san shi ma zaƙi ne, ya lissafa shi. Zuma kuma kada a ba jaririn da bai shekara ba, ko a cikin me. Koko yana da ɗan sinadarin da ke wartsakar da mutum, bai kai gahawa ba, amma yaro mai wahalar barci a ba shi da safe ko da la'asar. Masu fama da ƙwannafi su ma su lura, yana tayar wa wasu, musamman in an sha an kwanta.

Hajiya Turai, Ali Kazaure
Allah ya yi miki albarka, Sista. Akwai jikata da madara ke ɓata wa ciki, ita da madarar waken suya nake yi mata, yana yin kyau. Wani lokaci kuma in na dama kunun acha sai in kwaɓa koko cokali ɗaya in zuba. Ba cakulan ɗin Maman Ilham ba ne, amma yana riƙe yaro har a tashi makaranta.

Ustaz Kabiru
Ƙarin tunatarwa ga 'yan'uwa Musulmi. Koko da madara ba su da matsala. Amma farar alewar nan mai taushi da wasu shaguna ke ɗorawa a sama, mashmalo, da jelatin ake yin ta, kuma jelatin na ƙasashen waje sau da yawa daga fatar alade ake samo shi. Akwai na saniya da na kifi, akwai mai tambarin halal. Ba na cewa a zargi kowa. A tambaya a ga ledar, in ba a samu tabbaci ba a ce a kawo babu ita. Malam Nura, ku ma masu shago ku riƙa dubawa kafin ku saro.

Nura
In sha Allahu, Ustaz. Ni ba na sawa ma. Kuma maganar Hajiya ta zauna min. Zan raba su biyu a takarda, in rubuta na leda da sunansa da kuɗinsa, na tukunya da nasa, in gaya wa mai saye zai jira minti bakwai. Damuwata madara ce. Malam Dauda, da rani ana samun ta kullum kuwa?

Dauda, Vom
Tana raguwa sosai daga Janairu zuwa saukar ruwa, ciyawa ta bushe, wasu shanun sun yi kudu. Daidai lokacin da ake son abin kuma. Sai ka yi magana da mutum biyu ko uku, kada ka dogara da ruga ɗaya, kuma ka karɓa da sassafe kafin ta fara juyawa. Ranar da babu, ka koma ta gari mai cikakken mai, ka gaya wa mai saye.

Alhaji Isuhu, mai goro
Jama'a sannunku. Ni ban iya dafa komai ba, amma fataucin goro ya sa na san gonar koko, don a ƙasar Yarabawa sau da yawa gona ɗaya suke, goro yana yi masa inuwa. Wanda bai taɓa gani ba zai yi mamaki. 'Ya'yan a jikin kututture suke fitowa, ba a ƙarshen reshe ba. A fasa da adda, ciki ƙwayoyi ne lulluɓe da farin abu mai yauƙi, yara suna tsotsa don zaƙi. A tara su a rufe da ganyen ayaba kwana biyar zuwa bakwai, tulin ya yi zafi, in ka cusa hannu sai ka ji ɗumi, warin tsami ya cika wurin. Sannan a baza a rana. Manomin da ya yi gaggawa ya buɗe da wuri, kokonsa bauri zai yi har abada, babu sukarin da zai gyara shi.

Ondo ce kan gaba a noman, sai su Kuros Riba wajen Ikom, da Osun, da Ekiti. Har Taraba ana yi a Kurmi. Da kuɗin koko gwamnatin Awolowo ta riƙe ilimi kyauta a Jihar Yamma daga 1955, da shi aka gina dogon benen nan na Cocoa House a Ibadan a 1965. Cibiyar binciken koko ma tana Ibadan tun 1964. Abin da ke ba ni takaici, mafi yawansa ɗanye ake lodawa a jirgi, a sarrafa a Turai, a dawo mana da shi a gwangwani da tsada. Alhali akwai masana'anta a Ile-Oluji cikin Ondo da ke yin garin koko zalla. Ba sai an nemi na waje ba.

Anti Ladi, Bukuru
Gaskiya ne Alhaji, da na gida nake yawancin aikina. Abin dubawa kawai, a ga lambar NAFDAC da ranar lalacewa, kuma kayan haɗin ya zama koko kaɗai. A guji wanda ake aunawa a buɗe a ƙulla a farar leda, don ana iya cakuɗa shi da fulawa, kuma yana shan warin duk abin da ke kusa da shi. In an kai gida a juye a kwalba mai murfi, nesa da daddawa da kayan yaji.

Maman Ilham, Rikkos
Alhamdu lillahi, na samu fiye da abin da na tambaya. Alhaji, in za ka sauka kudu kwanan nan, ko za mu haɗa kuɗi ka taho mana da katan ɗaya mu raba? Ni ina son gwangwani biyu.

Maman Sadik, Nasarawa
A sa ni ɗaya.

Malam Sabo, Gangare
A sa min ɗaya ni ma. Zan kai wa mai shayinmu, Ladi ta rubuto masa awon, mu ga ko zai karɓu a tebur.

Alhaji Isuhu, mai goro
Ba damuwa. Motarmu tana tashi ranar Asabar in Allah ya kai mu. Duk mai so ya rubuta sunansa da adadi a nan kafin daren Alhamis. Kada kowa ya turo kuɗi yanzu, sai na isa na ji farashi na sanar da ku.